Hannu Na Shago, Naushi Na Mai Ɗauri

A tsohuwar ƙasar Dargale, wadda yanzu ko kufanta ba kowa ya san inda yake ba, akwai maganar da mutane kan yi in an kama ƙaramin mai laifi an bar babban yana yawo da rawani. Sai su girgiza kai su ce, "Hannu na shago, naushi na mai ɗauri." Samari sun ɗauka zancen 'yan dambe ne kawai, irin wanda ake yi a bakin fili ana shan rake. To, ba cikin raha aka haifi maganar nan ba, kuma wanda aka fara faɗa wa ita bai sake dariya ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Zamanin Sarki Jangare ne. Shekara bakwai Dargale da maƙwabciyarta Kwarzaye suna zub da jini a kan Tafkin Baure, ruwa ɗaya tak da ba ya ƙafewa da rani a tsakanin ƙasashen biyu. Wanda ya riƙe tafkin dabbobinsa su rayu, wanda ya rasa shi ya tara fatu. A shekara ta takwas, ana tsakiyar bazara, sai ga jakadan Sarki Hankurau na Kwarzaye a fadar Dargale. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya shimfiɗa buzu a gaban sarki, ya ajiye abu biyu a kai: kibiya guda, da dunƙulen zaren dambe.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ubangidana ya ce a gaishe ka gaisuwar maƙwabci. Ya ce ya gaji da binne mazaje saboda ruwan da shanu ke fitsari a ciki. In ka ɗauki kibiya, mun ji, sai mu haɗu inda muka saba. In ka ɗauki zare, to ka fito da shagonka na dambe mu fito da namu, su kara a bakin tafki bisa tsohuwar al'ada. Wanda aka kayar, ƙasarsa ta janye daga ruwan har shekara goma."

Aka fitar da jakada, majalisa ta zauna. Galadima, tsoho ne da ya rasa 'ya'ya biyu a yaƙin tafkin, shi ya fara magana. "Ranka ya daɗe, rumbunanmu sun yi ƙasa, dawakinmu haƙarƙari a waje. In aka kayar da shagonmu, ruwa muka rasa, kuma ana haƙa rijiya. In aka karya rundunarmu, wa zai haƙa? Ni dai zare na gani."

Kowa ya juya wajen Ƙaura Sartse, shugaban mayaƙa, don an san shi da Galadima ko hanyar masallaci ba sa haɗawa. Mutum ne siriri mai taushin murya, wanda bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba, har waɗanda ya sa aka yanka. Ana jiran ya ce kibiya, sai ya yi murmushi.

"Toron giwa, yau bakina da na Galadima ɗaya ne. A ɗauki zare. Abu guda nake roƙo, a bar mini zaɓen shago da duk shirin ranar. In tafkin bai dawo hannunka ba, a tuɓe mini rawani a bainar jama'a."

Sarki Jangare ya dube shi ya daɗe. Ya san Ƙauransa sarai, ya san ba ya rantsuwa da rawaninsa a kan abin da ya bar wa sa'a. Amma bai tambaya ba. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai na lura masu tsoron sarki ne suka fi son karin maganar nan. Ya miƙa sandarsa ya taɓa zaren, zagage suka ɗauki kirari.

A can bakin ƙofa, bayan inda ake tuɓe takalma, wani tsoho na tsugune yana jin komai. Sunansa Tunau, daga unguwar mahauta, kuma shi ne mai ɗaurin 'yan damben Dargale. Dambe sana'ar mahauta ce, masu sarauta kallo kawai suke yi, don haka bari in faɗi abin da mai ɗauri yake. Ɗan dambe yakan dunƙule hannunsa mai ƙarfi, a naɗe da ƙyalle, sannan a bi da zare mai ƙulle-ƙulle, a ja, a zagaya, har hannun ya koma kamar kan taɓarya. Mutum ba ya ɗaure wa kansa, ba ya kuma iya kwance wa kansa. Mahauta suna da ƙa'ida biyu a kan haka da ba a karyawa. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Shago kuwa, wato gwanin da ya gagari tsara, ba ya kukan ɗauri ko da zaren zai yanke masa jijiya. In mai ɗauri ya kai ƙullin ƙarshe yakan tambaya, "Ya matse?" Amsa ɗaya ce ake bayarwa tun kaka da kakanni: "Ƙara."

Shekara arba'in Tunau yana wannan aiki, ba a taɓa jin ɗaurinsa ya saki a fili ko ya ci naman mai shi ba. Da wannan yake taƙama, ba shi da gona ba shi da doki. Sai kuma ɗansa. 'Ya'ya tara ya binne tun suna goye, na goman ne aka sa wa Barmo, ana roƙon mutuwa ta bar musu shi, ta kuwa bari. Barmo ya girma ya zama ƙato mai faɗin ƙirji da yawan dariya, ya kayar da duk wanda ya sa zare da shi daga nan har bakin kogi. Da Ƙaura ya buɗe baki a majalisa ya ce Barmo ɗan Tunau ya zaɓa, tsohon ya ji kamar a ba shi kalangu ya buga da kansa.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Da azahar wani dogari ya zo ya tafi da shi gidan Ƙaura. Tunau ya sami Ƙaura a rumfa shi kaɗai, yana ba wani ɗan maraƙin barewa dusa a tafin hannu. Ƙaura ya tura masa wani ƙunshin fata da ƙafa ya ce ya buɗe. Sabon zare ne mai kyau, saƙar hannun gwani. Tunau ya bi shi da yatsa yadda ya saba, sai ya tsaya cak. A cikin ƙulli uku an dasa ƙananan ƙarafa masu tsini kamar ƙayar aduwa, an ɗinke su yadda ba a cire su sai an yanka zaren. Tsinin kowanne baƙi ƙirin. Ya kai hanci, ya ji warin dafin kibiya.

Ya ajiye a hankali, ya share hannunsa a ƙasa. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni in yi magana. Wanda ya kawo wannan shawara bai san dambe ba. Damben ƙasa ba kamar na kasuwa ba ne. Masu ɗauri musanya suke yi. Nasu ya ƙetaro da zarensa ya ɗaure wa namu, ni in ƙetara da nawa in ɗaure wa nasu. Shi ya sa ba a ma duba zare, don ba mahaukacin da zai sa ƙarfe a abin da za a doki nasa da shi. Wannan zaren, a hannun shagon Kwarzaye zai hau. Fuskar Barmo zai samu."

Ƙaura ya ci gaba da shafa wuyan barewarsa. "Na sani, tsoho."

Tunau ya ɗago kai.

"Na tambaya, an gaya mini. An kuma gaya mini ƙwararren mai ɗauri shi ke zaɓar fuskar da ƙulli zai kalla. In ya so tsini ya kalli waje, in ya so ya kalli ciki, wajen naman mai hannun. Kana tsammani don faɗin ƙirji na zaɓi ɗanka? Akwai ƙarti a garin nan. Na zaɓe shi ne don in tabbata inda za ka juya ƙarfen. In nasu ya faɗi, kai ke kwancewa, al'adarku ce, ba tawa ba. Ka naɗe zarenka ka sa a aljihu, a ce zuciyarsa ce ta buga."

"Ranka ya daɗe, shagon nasu Cindo ne. A gidana ya yi shekara biyu kafin yaƙi. Ƙwarya ɗaya suka ci tuwo da Barmo. Ni na fara ɗaure masa hannu."

"Madalla, ashe ba zai yi maka gardama ba." Ƙaura ya kakkaɓe dusar hannunsa. "Zaren zai zauna wurina, sai a bakin fili za a miƙa maka. In kuwa maganar nan ta fita, ko ga ɗanka, ko ga matashin da kake kwana a kai, unguwar mahauta gida sittin ce, duk jinka ne, ga shi bazara. Zan sa a ɗaure ƙofofin ta waje. Tashi ka tafi, Allah ya ba mu sa'a."

Kwana uku suka rage, Tunau ya yi su kamar wanda ya haɗiye garwashi. Ya juya zaren nan a ransa ta kowace fuska, ko akwai yadda zai kwantar da ƙarafan a gicce su kwana ba su ci kowa ba. Babu. Maƙerin da ya yi su ya san aikinsa, da an ja zare sai tsini ya miƙe, ko sama ko ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. Ana cikin haka ungulayen mayanka suka watse, tsuntsayen da ko da jifa ba sa barin wurin. Masu kiwo suka ce sun gan su jere a kan bauren bakin tafki. Tsofaffin unguwa suka dubi juna, don kowa ya san ungulu ba ta jewar banza.

Ana gobe za a fita, da hantsi, ya sami Barmo a bayan mayanka yana dukan buhun yashi. Barmo ya tsaya yana haki yana dariya.

"Baba, ka ji ikon Allah? Ni da Cindo! Ko ya rage cin tuwon nan nasa? Don Allah in ka je ka ɗaure masa da kyau. Ka san yatsan nan nasa na shida, ba mai iya kwantar masa da shi sai kai. Kada in kayar da shi a ce zarensa ne ya saki."

Maganar ta zo wa Tunau har maƙogwaro. Ya dubi jinkayen unguwa, ya ga mata na shanya, yara na bin awaki. Ya haɗiye, ya ce, "Zan ɗaure masa, ɗana."

Ranar ta zo. Jama'ar ƙasa biyu suka yi da'ira a kan tudun bakin tafki, sarakuna biyu suna fuskantar juna a ƙarƙashin laima, an yi alkawari ba mai shigowa da makami. Makaɗa suka saki kalangu. Sankira ya yi shela masu ɗauri su ƙetara. Wani bawan Ƙaura ya miƙa wa Tunau ƙunshin fata, ya bi shi da ido. Tsakanin sansanin biyu bai fi taki hamsin ba, tsohon ya ƙetara.

Cindo na zaune a kan turmi. Da ya hango shi sai ya miƙe, ƙaton mutum, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutanensa duka.

"Baba Tunau! Ina kwana? Ina Inna? Shekara takwas rabon da in ji ɗauri irin naka. Na ce da su, yau ko an kayar da ni na ci riba."

"Inna ta rasu bara waccan," in ji Tunau. "Kawo hannun."

Ya kwantar da ɗan yatsan na shida a cikin tafi yadda ya saba, ya naɗa ƙyalle. Ya fara zagaya zare. Ƙulli na farko mai ƙarfe ya iso yatsunsa. Ya ɗaga ido, can ƙetaren fili ya hango Barmo ya miƙa hannu ga mai ɗaurin Kwarzaye, yana yi masa wasa har shi ma yana dariya. 'Ya'ya tara a ƙasa, ɗaya a tsaye. Tunau ya murza ƙullin da babban yatsa, tsini ya kalli ciki. Ya murza na biyu, ya murza na uku. Kada wanda ya ce hannunsa ya yi rawa, bai yi ba, shekara arba'in ba wasa ba ce. Ya ja.

Ya ji hannun Cindo ya motsa sau ɗaya a cikin nasa. Ya ji idon mutumin a tsakar kansa, amma bai ɗago ba. Ya kai ƙullin ƙarshe. Dattawan Kwarzaye na tsaye suna jiran tambayar da aka saba, ba yadda zai tsallake ta.

"Ya matse?"

Cindo ya san ɗaurin tsohon nan kamar yadda ya san sunansa, ya san bai taɓa cizo ba. Da ya buɗe baki ya ce a duba, da an duba. Amma ga sarkinsa, ga makaɗa na kiran sunansa, ga ƙa'idar da wannan tsohon da kansa ya koya masa yana saurayi.

Ya ce a hankali, "Ƙara, Baba."

Tunau ya ƙara.

Aka shiga turmin farko, wato zagayen farko na karawa. Shagunan biyu suka yi ta zagaya juna, kowa ya miƙa hannun tsaro, ya ja ɗaurarren baya. Cindo ne ya fara kai naushi, ya sami Barmo a kafaɗa, ƙarar ta kai har bakin ruwa. Mutanen Kwarzaye suka yi sowa. Tunau kaɗai ya san abin da naushin ya yi wa mai shi, kowane duka tura ƙarfen yake cikin nama. Cindo ya sake kaiwa, ya sake. Aka raba ba wanda ya faɗi. A turmi na biyu gumi ya rufe shi, leɓɓansa suka yi fari, ƙafarsa ta fara jan ƙasa. Barmo ya ga dama har sau biyu bai kai hannu ba, yana dubansa da mamaki. Cindo ya tattara abin da ya rage masa ya kawo wani naushi da ya wuce ta gefen kunnen Barmo, ya bi hannun nasa, ya kife. Ba wanda ya taɓa shi.

Dargale ta ɓarke da guɗa. Ƙaura ya ɗaga wa Tunau gira, tsohon ya nufi fili da sauri ya durƙusa, ya kama hannun zai juya wa jama'a baya. Cindo na numfashi sama-sama, idonsa a buɗe.

A nan ne shirin Ƙaura ya karye, ta inda bai taɓa zato ba. Ya auna tsoron uba daidai, amma bai san abin da ɗan dambe yake ɗauka abin kunya ba. Wani daga cikin mutanen Kwarzaye ya yi ihu, "Sammu ne! Mai ɗaurinsu ya yi masa asiri!" Barmo ya ji. Ya daka tsawa har makaɗa suka tsaya.

"Ban doke shi ba, kowa ya gani, kuma ba na karɓar nasarar da ban ci ba! Amma wanda ya ce ubana ya yi ha'inci ya yi ƙarya. Shekara arba'in ɗaurinsa bai taɓa ɓuya ba. Baba, ɗaga hannun sama! Kwance shi a gaban sarakuna, zagaye ɗaya-ɗaya, kowa ya gani, a kunyata mai ƙarya!"

"Barmo," in ji Tunau, murya ƙasa-ƙasa. "Barmo, bari."

"Kwance, Baba! Me za mu ɓoye?"

Shi da kansa ya kama hannun Cindo da hannunsa na hagu ya ɗaga. Dattawan ƙasa biyu suka matso suka kewaye su. Tunau ya fara kwancewa. Zagaye na biyar ƙyallen ya fito baƙi, jiƙe. Na bakwai sai ga ƙarfe ya fito daga nama da ɗan ƙara. Kafin a kai ƙarfe na uku Cindo ya cika. Tunau bai dubi sarakuna ba, bai dubi dattawa ba, ɗansa ya duba. Ya ga fuskar Barmo ta canza, kuma da a ce ƙasa na tsagewa don roƙo, da ta tsage masa a lokacin.

Ƙaura bai jira a tambaye shi ba. Ya sa aka busa ƙaho, sai ga barade ɗari biyu da ya ɓoye a kwazazzabo tun asuba sun fito a sukwane. Sai dai don su yanke hanya suka bi ta gefen tafki, inda laka ke bushewa a sama ta bar ruwa a ƙasa. Kowane makiyayi ya san wurin, barade ba su sani ba. Dawakin gaba suka nutse har ƙirji, na baya suka hau kansu. Shi kuma Hankurau ba yaro ba ne, maharbansa na kwance a cikin ciyawar jema, suka tashi suka yi ta zuba kibau kamar masu harbin tantabaru. Dakarun ƙasa na Dargale, yawancinsu mahauta da maƙera, sun ga abin da ya fito daga zaren da idonsu. Aka ce su shiga, suka zauna a ƙasa suka harɗe hannu. Kafin rana ta karkata Sarki Jangare ya bar laimarsa ya gudu, Ƙaura na gabansa. Barmo kuwa aka kama shi a tsakiyar fili, ko sanda bai iya ɗauka ba, hannunsa na dama na ɗaure.

Da la'asar Sarki Hankurau ya zauna a gindin bauren, aka kwantar da gawar Cindo a gabansa, aka gurfanar da uba da ɗa. A gefe ga kamammun mahautan Dargale, mutum saba'in, a ɗaure da igiya ɗaya. Hankurau tsoho ne mai magana a hankali, ya sa aka kwance wa Barmo hannu tukuna, sannan ya dubi Tunau.

Tunau ya kifa goshi a ƙasa. "Allah ya ba ka nasara, Ƙaura ne. Shi ya sa aka ƙera, shi ya ce zai ƙone unguwarmu. Yaron nan bai san komai ba. Ga wuyana."

"Na yarda Ƙaura ya ba ka ƙarfe," in ji sarki. "Wa ya juya shi ciki?"

Tunau bai ɗaga goshinsa daga ƙasa ba. Sarki ya ci gaba.

"Ɗanka ba shi da laifi, na ji abin da ya faɗa a fili, da a ƙasata aka haife shi da na yi alfahari. Shi ma namu, hannunsa ne ya kashe shi, amma ba shi ya kashe kansa ba. Hannu na shago ne, naushi na mai ɗauri. Kai ka yi naushin nan, tsoho. An ba ka 'ya'ya biyu ka zaɓa, wanda ka haifa da wanda ya durƙusa ya kira ka Baba, ka zaɓa. Ba zan kashe ka ba, al'adarku ta hana a zub da jinin mai ɗauri a fili, ni kuwa ba na karya al'ada. Aikinka kawai za ka sake yi." Ya nuna zaren da sanda. "Maharbana su sabunta masa dafi. Ka ɗaure wa naka yadda ka ɗaure wa namu. In ka ƙi, ko ka sassauta, zan fara da mutum saba'in ɗin can, ɗaya-ɗaya, kana kallo, sannan in koma kan unguwar da ka ce kana tsoron a ƙone."

Tunau ya yi kururuwa, ya yi birgima, ya kama ƙafar dogari yana roƙo a yanka shi gunduwa-gunduwa. Sarki ya ɗaga yatsa, aka janyo na farkon igiya, wani mai sayar da tsire maƙwabcinsu, aka danne shi.

Sai Barmo ya tashi. Ya je ya zauna a kan turmin da Cindo ya zauna da safe, ya dunƙule hannunsa na dama, ya miƙa.

"Taso, Baba. Kada ka sa a ce ɗan Tunau ya ɓoye hannu."

Tsohon ya rarrafa ya iso. Ya kama hannun nan da ya fara riƙewa tun bai kai girman ƙwan kaza ba. Ya naɗa ƙyalle. Ya zagaya zare, hawaye na zuba a kai, mai ɗaurin Kwarzaye na tsaye a kansa yana duban kowane ƙulli. Ya murza na farko, ya murza na biyu, ya murza na uku. Ya ja. Barmo ko ƙyafta ido bai yi ba. Da aka kai ƙullin ƙarshe bakin Tunau ya ƙi buɗuwa, har sai da sarki ya ce, "Ba ka gama ba, akwai tambaya."

Muryar da ta fito ba ta yi kama da tasa ba. "Ya matse?"

Barmo ya dube shi, ba fushi a idonsa, abin da ya fi kashe tsohon ke nan.

"Ƙara, Baba."

Ya miƙe da kansa ya je gaban kututturen bauren, ya ja baya kamar mai fuskantar abokin karawa, ya kai masa naushi uku. Sannan ya dawo ya zauna kusa da gawar Cindo, ya jingina. Kafin inuwar itacen ta kai bakin ruwa ya bi shi. Aka kira Tunau ya kwance, don wanda ya ɗaura shi ke kwancewa.

Damina ba ta faɗi ba sai da Dargale ta zama ta Hankurau. Wanda ya buɗe masa ƙofar birni kuwa Ƙaura Sartse ne, aka bar masa rawaninsa da gidansa da barewarsa, ya mutu da tsufa a kan shimfiɗarsa, makaɗa na yi masa kirari. Mahauta saba'in ɗin nan da suka koma gida su suka kai maganar da sarki ya yi a gindin baure, ta bi kasuwanni, sai dai su in sun faɗe ta ba tsohon suke nufi da mai ɗauri ba, Ƙaura suke nufi.

Tunau ya ƙara shekara tara a duniya. Yakan zauna a ƙofar gidansa, hannuwansa a kan gwiwa, a buɗe. Wata rana akuyar maƙwabciya ta tsinke, ta biyo ta gabansa tana jan igiya. Matar ta kama ta, ga goyo ga tulu a ka, ta miƙo masa igiyar ta ce, "Baba, ɗaure mini ita a turken nan." Ya dubi igiyar, ya dubi hannunsa, ya tashi ya shige gida.